Jinjirin wata, kambi da lamba 13: wa ya iya karatun hatimin tsohuwar azurfar Jamus?

Aminu Hamburg: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman masu ido a kan tsohuwar azurfa. Wani maƙwabcina ne yake kwashe kayan gidan mahaifiyarsa da ta rasu, ya sayar mini da kwali guda na kayan cin abinci. Na ware su bisa ga abin da ke buge a bayansu. Akwai cokula masu jinjirin wata, da kambi, da 800, da wani ɗan tambari a gefe. Akwai cokula masu yatsu, su kuma 90 ne kawai da WMF. Sai ludayi ɗaya. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina ɗan mazubin sukari ne mai murfi: a gindinsa akwai 13, da wani abu kamar ƙaramar abarba, da harafin A mai kambi a kansa, da kan mutum a cikin da'ira. A murfin an zana 1764. Ga hotuna nan na saka. Shin dami na tsinta a kala, ko tarkace ne?

Bashir Kurmi: Wa alaikumus salam. Masu jinjirin watan nan na Turkiyya ne, zamanin Daular Usmaniyya. Irinsu suna zuwa hannunmu jefi-jefi, mu haka muke kiran su. Ka riƙe su da kyau.

Hajiya Rabi Bremen: Malam Bashir, a'a. Babu ruwan Turkiyya da wannan. Hatimin daular Jamus ne. An yi dokar a 1884, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1888, kuma tun daga nan ƙasar gaba ɗaya ta koma kan tsari ɗaya: jinjirin wata da kambin sarki ga azurfa, rana da kambi ga zinariya. Tun da daɗewa masu haɗa ma'adinai a Turai suke alamta azurfa da wata, zinariya da rana, daga nan aka ɗauko. Lambar 800 kuwa tana nufin kashi 800 cikin 1000 azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Ƙasa da 800 doka ba ta yarda a buga wa kayan tebur wannan hatimi ba. Azurfar Usmaniyya ita tambarin sunan sarki ake buga mata da rubutun larabci.

Aminu ƙanena, ƙara kusanto da hoton ɗan tambarin da ke gefe. Shi ne sunan maƙerin.

Aminu Hamburg: Ga shi Hajiya. Kamar wani inji ne mai sanda a kwance a sama.

Hajiya Rabi Bremen: To ai na garinmu ne. Wilkens ke nan, tambarinsu injin matsa ƙarfe ne mai dunƙulen hannu biyu. Gidan ya faro a Bremen tun 1810, daga baya masana'antar ta koma Hemelingen. Ɗayan babban gidan Bremen shi ne Koch & Bergfeld, na 1829, nasu tambarin kwano ne mai ƙafa. In ka ga gaggafa, duba Bruckmann na Heilbronn. Wani lokaci za ka ga cikakken suna a buge kusa da waɗannan, kada ya rikita ka, yawanci na mai shagon da ya sayar ne, ba na wanda ya ƙera ba.

Bashir Kurmi: To Hajiya, in gwamnati ce ta buga ai magana ta ƙare, ba sai an gwada ba.

Malam Nafi'u Frankfurt: Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Ba gwamnati ke bugawa ba. A Ingila akwai ofisoshin awo, maƙeri ya kai kayansa a gwada sannan a buga masa zaki. A Jamus bayan 1888 maƙerin ne da kansa, ko mai sayarwa, yake buga watan da kambin, shi ke da alhakin abin da ya rubuta, in ya yi ƙarya doka ta kama shi. Saboda haka tambarin maƙeri yana da nauyi ƙwarai. Wata da kambi da 800 tare da tambarin gidan da aka sani, kamar na Aminu, hankali ya kwanta. Wata da kambi su kaɗai, a dishe, babu sunan kowa, wannan ni sai na gwada.

Kuma kambin bai tafi da tafiyar sarki a 1918 ba. An ci gaba da bugawa har bayan yaƙi na biyu, wasu gidajen har yau. Don haka abin da yake gaya maka kawai shi ne ba a ƙera abin kafin ƙarshen shekarun 1880 ba.

Zulaihat: Don Allah ni na 90 ɗin nake son ji. Ina da irinsu dozin biyu da na saya a gwanjo, mai kayan ya ce mini kashi casa'in cikin ɗari azurfa ne, wai ma sun fi 800.

Hajiya Rabi Bremen: Ayya Zulai, ba haka ba ne 'yata. Ruwan azurfa kawai aka yi musu. 90 ɗin giram 90 ne na azurfa da aka shimfiɗa a kan cokula 12 da masu yatsu 12 gaba ɗaya. Za ki ga 60, za ki ga 100, har 150, duk lissafin kaurin ruwan ne. Ƙarfen da ke ciki shi ake rubuta wa Alpacca ko Neusilber: jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, babu ko ƙwayar azurfa a ciki. A shekarun 1820 aka fara yin sa da yawa a Jamus, Geitner a yankin Saxony da 'yan uwan Henniger a Berlin. Abin da zai taimake ki: lamba mai gida uku, 800, 830, 835, 925, azurfa ce har ciki. Mai gida biyu irin 90 ko 60, ruwa ne. Sai dai ki kula da 100 da 150, su ma ruwa ne duk da gida uku.

Amma kada ki raina su. WMF sunan masana'antar kayan ƙarfe ce ta garin Geislingen, kayanta masu ƙarko ne, kuma tsofaffinsu masu tambarin jimina, musamman na farkon shekarun 1900 masu zanen furanni da mata, akwai masu neman su da kuɗi mai kyau.

Zulaihat: Innalillahi. To ni na sa musu maganaɗisu bai kama ba, shi ya sa na yarda.

Baba Ilu Agadas: 'Yata, maganaɗisu ba ya kama wannan farin ƙarfen ma. Abin da yake kamawa galibi baƙin ƙarfe ne, ba shi da wata shaida a kan azurfa. Mu a maƙera ba ma karanta hatimin kowa. A goga a dutse, a ɗiga ruwan gwaji, a ga launin da ya bayar. In ana shakka a ɗan kankare a ga cikinsa, in fari ne har ciki ko ya koma rawaya-rawaya. Ku kuna ta lissafin wata da tauraro, wuta ba ta san wannan ba.

Malam Nafi'u Frankfurt: Baba, Allah ya ƙara girma, gwajinku gaskiya ne, amma amsar tambaya ɗaya yake bayarwa: azurfa ce ko ba ita ba. Bai gaya maka wa ya yi, a ina, yaushe. Kuma kuɗin tsohon abu a nan yake. Roƙona ga Aminu kada ya kankare komai. Akwai hanyar da ba ta ɓata kaya: a auna cokalin a sikeli, a ɗaure shi da zare a nutsa shi cikin kofin ruwa da ke kan sikelin ba tare da ya taɓa gindi ba, a raba nauyin farko da na biyu. Azurfar 800 tana ba da sama da 10 kaɗan, Alpacca ba ta kai 9 ba. Banda wuƙaƙe, don mariƙinsu holoƙo ne an cika shi da ƙaro, ruwan wuƙar kuma baƙin ƙarfe ne. Manyan shagunan sayen zinariya a nan suna da na'urar haske da ke karanta ƙarfe ba tare da ta taɓa shi ba.

Sadiq Kaduna: Ku zo kan mazubin sukarin mana, shi ne maganar. Na duba, abarbar nan tambarin garin Augsburg ne, 13 kuma tsohon awo ne. Ga 1764 a murfi. Me kuma ake nema? Yaya Aminu, abin nan ya haura shekara 250.

Malam Nafi'u Frankfurt: Sadiq, rabin maganarka daidai ne. Bari in yi bayani da ɗan tsawo.

Kafin 1888 kowane gari da nasa tsarin. Ƙungiyar maƙeran gari ke naɗa mai awo. Maƙeri ya gama aiki ya buga nasa tambarin, yawanci haruffan sunansa, ya kai wa mai awo. Shi kuma ya ɗebo ɗan ƙarfe daga gindin abin da tsinin kayan aikinsa, yana tafiya yana kaɗa shi dama da hagu, sai ya bar wani siririn layi mai kai-da-komo. Jamusawa na ce masa Tremolierstich. In ƙarfen ya cika awo sai ya buga tambarin gari. Augsburg nata ɗan itacen nan ne da Aminu ya kwatanta, kuma daga tsakiyar shekarun 1730 ana sa harafin shekara a ƙarƙashinsa. Nuremberg harafin N ne. Hamburg ganuwa mai hasumiya uku. Berlin dabbar beyar. Dresden takubba biyu a gicciye. Bremen mabuɗi. Munich ɗan ƙaramin malamin coci.

Awon kuma da Lot ake yi, 16 shi ne tsantsa. Ke nan 12 ya zama 750, 13 ya zama 812 da rabi, 14 ya zama 875. Garuruwan arewa irin su Hamburg da Berlin sun fi aiki da 12, Augsburg da Nuremberg da 13.

Yanzu dubi hoton Aminu da kyau. Ina tambarin maƙeri na Augsburg? Babu. Ina harafin shekara a ƙarƙashin ɗan itacen? Babu, alhali abin da aka ce na 1764 ne dole ya kasance da shi. Sannan me harafin A mai kambi yake yi a wurin? Wannan kwaikwayon tsohon hatimin Paris ne. Abu ɗaya ba zai ci awo a Augsburg da Paris lokaci guda ba. Hatimi huɗu ne a jere, kowane da ƙasar da ya fito, an buga su tsaf kamar rana ɗaya. Ni a ganina wannan aikin Hanau ne, tsakanin ƙarshen shekarun 1800 da farkon 1900.

Sadiq Kaduna: Wato jabu ne ke nan?

Malam Nafi'u Frankfurt: Azurfar ta gaske ce, galibi 800 ko sama. Shekarun ne ba na gaske ba. Hanau gari ne kusa da Frankfurt, tun 1597 maƙera 'yan gudun hijira daga yankin Holan da Beljiyam suka zauna a can, suna da makarantar zane tun 1772. A ƙarshen ƙarni na 19 masu kuɗi a Turai da Amurka suka shiga son kaya masu kamannin na da, sai gidaje irin su Schleissner, Neresheimer, Georg Roth da Storck & Sinsheimer suka riƙa ƙera sababbi a tsohon salo, suna buga musu tambura masu kama da na Augsburg, Nuremberg da Faransa. Da yawa sun tafi Ingila, shi ya sa za ka ga wasu da hatimin shigo da kaya na Chester ko London a gefe, wanda shi yake tona ainihin shekarar.

Sadiq Kaduna: Ni dai ban gamsu ba Malam. Na ga wani ɗan layi mai karkace-karkace a hoto na uku, kusa da ƙafa. Ba shi ne na mai awon ba?

Malam Nafi'u Frankfurt: Na gan shi. Mutanen Hanau ma sun riƙa yin sa wani lokaci, don sun san masu saye na neman sa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da alama ɗaya. Aminu, buɗe murfin ka karkata cikin mazubin ga hasken taga. Aikin 1764 da guduma aka tayar da shi daga faranti, za ka ga ƙananan sawun guduma a ciki, kaurin bangon ba zai zama ɗaya ba ko'ina. Sannan dubi furannin jiki, in kowace fure ta yi daidai da 'yar uwarta kamar an kwafa, to zuba su aka yi daga uwa ɗaya. Ka kuma duba ƙafafun da bakin murfin, inda hannu da tebur ke ci. Abin da ya yi shekara 250 ana amfani da shi, hatiminsa ma yakan ɗan suɗe tare da jikin.

Aminu Hamburg: Na duba. Cikin sumul yake, ba sawun guduma. Furannin guda shida ne kuma duk iri ɗaya, har wani ɗan tabo da ke ganyen ɗaya yana jikin sauran biyar.

Baba Ilu Agadas: To wannan zubi ne, ɗana, ba sai an je Jamus ba. Tabon da ke jikin uwa shi ke fita a 'ya'yan. A nan na yarda da Malam.

Maganar shekara kuma, ku tambaye mu. Kuɗin azurfan nan mai hoton Mariya Tiriza da iyayenmu suka riƙa narkawa suna yin mundaye da zobba, kowane ka ɗauka 1780 ne a jikinsa. Shekarar da matar ta rasu ce, aka ci gaba da buga shi da wannan lambar har zamaninmu. Wanda ya ce duk na 1780 ne ai bai san kasuwa ba.

Hajiya Rabi Bremen: Wallahi Baba ka kawo misali. Zane a jikin azurfa kowa na iya sa a yi masa a kowane lokaci. Wani a kan tsohon abu yake sa sabuwar shekara, wani a kan sabo yake sa tsohuwa. Aminu, na ga kamar akwai rubutu a mariƙin cokulan naka ma.

Aminu Hamburg: Akwai. Haruffa biyu a sarƙe da juna a gaba, a baya kuma an rubuta Zur Silberhochzeit, sai 1868 da 1893.

Hajiya Rabi Bremen: Ka ga wannan ya zauna daidai. Kyautar cikar aure shekara 25 ce. An ɗaura auren a 1868, aka ba da cokulan a 1893, bayan dokar wata da kambi ta fara aiki. Hatimi da zane sun gaskata juna. Wanda bai sani ba sai ya ɗauki ta farkon ya ce shekarar ƙira ce.

Irin waɗannan rubuce-rubucen suna maimaituwa. Andenken ko Zur Erinnerung na tunawa ne. Gewidmet von, sai sunan wanda ya bayar. Zur Taufe kyautar bikin baftismar jariri ce, yawanci cokali ɗaya daga wanda ya tsaya wa yaron a matsayin uba a bikin. A ƙauyukan arewacin Jamus kuma za ka ga haruffa da shekara an yi su da ɗigo-ɗigo a bayan cokali, ba a yanka ba. In akwai ƙaramin kambi a kan haruffan suna, ƙirga duwatsun da ke samansa: biyar na gidan sarauta marar muƙami ne, bakwai na mai muƙamin Freiherr, tara na mai muƙamin Graf, wanda ya fi shi girma. Sai dai a yi hattara da tsohon rubutunsu na Fraktur, manyan haruffansa suna rikita ido, I da J kusan ɗaya suke, B da V ma haka.

Ustaz Kabiru: 'Yan uwa, ku yi haƙuri in sa baki ta wani ɓangaren. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim kan hana ci da sha a ƙoran zinariya da azurfa, maza da mata. A mazhabarmu ta Malikiyya har ajiye su ma malamai sun yi magana mai tsanani. Kuma azurfa tana da zakka, nisabinta dirhami 200, wajen giram 595. In kayan 800 ne, wajen giram 744 ke ɗauke da wannan adadin na tsantsa. Malam Aminu ya samu malami ya zauna da shi kafin ya yanke abin da zai yi.

Baba Ilu Agadas: Shi ya sa na ce a narka. Zobe ga namiji halal ne, mundaye ga mata halal ne.

Hajiya Rabi Bremen: Baba, narkawa ba ita kaɗai ce mafita ba, zai iya sayarwa yadda suke. Ni raina ba ya so in ga an jefa aikin hannu na shekara ɗari da wani abu a wuta saboda giram. Kai maƙeri ne, ka fi ni sanin kwanakin da mai zanen haruffan nan ya yi a duƙe.

Baba Ilu Agadas: Na sani Hajiya. Amma mu ma namu aikin 'yan baya ne za su narka, haka azurfa take yawo tun fil azal. Ban ce dole ba.

Salamatu Berlin: Ba wanda ya yi maganar ludayin. Yaya Aminu, a hoton ƙarshe akwai wani wuri a mariƙin da ya fi sauran sheƙi kuma ya ɗan lotsa. Goge suna aka yi a nan. Huci a wurin, sau da yawa inuwar tsofaffin haruffan takan fito.

Dalilin da ya sa na damu: a watan Fabrairun 1939 gwamnatin Nazi ta tilasta wa Yahudawan Jamus kai zinariya da azurfarsu gidajen jingina na gari, aka biya su abin da bai taka kara ya karya ba. An narka da yawa, an sayar da wasu ga 'yan kasuwa da gidajen tarihi. Har yanzu gidajen tarihi a Munich da Hamburg suna neman jikokin masu kayan, kuma haruffan da aka zana a jiki suna cikin abin da ake bi. Akwai rumbun bayanai na Lost Art a intanet, ƙarƙashin wata cibiya a Magdeburg, kowa na iya dubawa.

Sadiq Kaduna: Haba Anti, yanzu sai a zargi maƙwabcin mutum saboda ludayi ɗaya?

Salamatu Berlin: Ban zargi kowa ba Sadiq. Dillalai sun saba goge suna don kaya su yi saurin shiga, mafi yawan lokuta iyakar labarin ke nan. Abin da nake cewa, mai sayen tsohuwar azurfa a ƙasar nan ya tambayi inda ta fito, ya rubuta ya ajiye. Maƙwabcin yana nan da ransa, tambaya ɗaya ce. In ma za a sayar, gidajen gwanjo na kirki sai sun yi wannan tambayar.

Malam Nafi'u Frankfurt: Ina bayan Salamatu. Kuma Aminu, kada ka wanke mazubin da garin goge ƙarfe. Baƙin da ke cikin lungunan furannin shi ke fito da zanen, masu saye suna son sa. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da tsumma sun isa. Ɗauki hoton kowane hatimi shi kaɗai, hasken ya zo daga gefe, ka turo mini. Akwai littafin Marc Rosenberg na tamburan maƙera a ɗakin karatun da ke kusa da ni, zan gwada ɗan itacen naka da na Augsburg na ainihi don Sadiq ya gani da idonsa. Kan mutumin da ke cikin da'irar kuma shi nake sa ran zai nuna wane gida ne a Hanau.

Zulaihat: Malam kafin ka tafi, akwai wata butar shayi a wurina mai beyar a gindi. Ke nan ta Berlin ce?

Malam Nafi'u Frankfurt: Duba ko an rubuta wani abu a kewayen dabbar. Masana'antar Berndorf ta Ostiriya, ta gidan Krupp, ita ma beyar ce tambarinta, kuma Alpacca suka fi yi. In kin ga Berndorf ko BMF ko Alpacca, to ita ce. Ta Berlin ƙarama ce, a tsaye take, kuma za ki ga tambarin maƙeri a kusa da ita, sau da yawa da 12.

Zulaihat: An rubuta Berndorf a sama, Alpacca a ƙasa.

Hajiya Rabi Bremen: To ki ci gaba da dafa shayinki a ciki 'yata, babu azurfa a jikin ƙarfenta.